Ba Kowace Gundura Ce Ke Kashe Ƙwaƙwalwa Ba

A watan Janairun 2016 ma'aikata biyu na hukumar tace finafinai ta Birtaniya suka zauna suna kallon bango. Bangon bulo ne da aka shafa wa farin fenti, kuma abin da ke cikin fim ɗin ke nan tun daga farko har ƙarshe: fenti yana bushewa, na tsawon awa 10 da minti 7. Wani matashin mai shirya finafinai, Charlie Lyne, shi ya kitsa abin da gangan, don ya huce haushin kuɗin da hukumar ke karɓa kafin ta duba fim, wanda take lissafawa minti-minti. Ya nemi gudummawar jama'a ta intanet, aka tara masa kusan fam 6,000, ya ce iya tsawon abin da kuɗin nan zai biya, iya tsawon abin da za su kalla ke nan. Ƙa'idar aikinsu ba ta yarda su tsallake ko'ina ba. Kwana biyu suka yi a kai, sannan suka ba fim ɗin shaidar cewa kowa na iya kallonsa, har ƙananan yara.

Barkwancin ya zauna ne a kan wani salon magana na Ingilishi. Idan abu ya kai maƙura wajen gundura, sai su ce ba shi da maraba da kallon fenti yana bushewa. Harshe ne da ya tara kalmomin gundura jingim. Akwai "dull" ga abin da ba shi da armashi. Akwai "tedious" ga abin da ke jan jiki ya ƙi ƙarewa, da "monotonous" ga mai tafiya a kan sauti ɗaya, ba hawa ba sauka. Akwai "ennui" da suka aro daga Faransanci, ta masu ji da kansu. Sai kuma "boring", wadda ta zama ruwan dare har ta faɗo bakin 'ya'yanmu. A can ƙololuwa kuwa akwai wadda nake so mu tsaya a kanta, wato "mind-numbing".

Kalmomi biyu aka ɗaura wa aure. Ta farko tana nufin hankali ko tunani. Ta biyu daga "numb" ta fito, halin da gaɓa ke shiga idan ta daina ji, kamar ƙafar da mutum ya daɗe yana zaune a kanta, ya miƙe ya ji kamar ba tasa ba. Ke nan mai faɗin kalmar ba cewa yake yi abin ya ishe shi kawai ba. Cewa yake abin ya kashe masa ji a ka, ya mayar da shi mai ido a buɗe amma babu kowa a ciki. Tun wajejen ƙarshen ƙarni na 19 ake ganinta a rubuce. Ana jingina ta ga aiki, ga taro, ga lacca, ga cike takardun ofis, ga doguwar tafiya a hanyar da ba ta da kwana. Wani lokaci kuma a jingina ta ga alƙaluman da yawansu ya fi ƙarfin kai, irin bashin da ake bin wata ƙasa. Ba kasafai ake liƙa wa mutum ita kai tsaye ba. Mutumin da ke gundurar da jama'a yana da nasa sunan daban, "bore".

Bari in ɗan ratse, tunda maganar ta zo. Yaran da ke cewa "ina jin boring" ba su yi wa kowa laifi ba, Hausa ce ta ari kalma ta lanƙwasa ta yadda take so, kamar yadda ta saba. Inda gizo ke saƙar shi ne ranar da yaro zai faɗi haka da Ingilishi a gaban masu harshen. "Bored" shi ne wanda abu ya gundura, "boring" kuwa shi ne mai gundurar da mutane. Wanda ya musanya su ya zagi kansa da bakinsa, yana murmushi.

Mu koma kan "mind-numbing". Abin da nake gani shi ne an mayar da kalma mai nauyi ta zama abin wasa. Wanda ya jira jirgi na rabin awa a ɗaki mai sanyi, da waya a hannu, zai ce jiran ya kashe masa ƙwaƙwalwa. Wanda ya shekara goma yana ɗaure ƙusa ɗaya a jikin mota shi ma da wannan kalmar zai yi kuka, don ba shi da wata. Abubuwa biyu ne mabambanta suke kwana a ƙarƙashin suna ɗaya, maganin wannan ba ya yi wa wancan, kuma duk lokacin da aka cakuɗa su, mai ɗaure ƙusar ne ke kwana a ciki. Tarihin kalmomin kansa ya nuna inda aka fara cakuɗawar.

Abin mamaki, kalmar gundura ta yau da kullum yarinya ce a Ingilishi. Ƙamusun Samuel Johnson na 1755 bai san "bore" da wannan ma'ana ba. A lokacin huda abu kawai take nufi, ko makamancin haka. Sai a shekarun 1760 ta fara ɓullowa a wasiƙun manyan mutanen Landan, masu gidajen gona da barori, waɗanda babban aikinsu shi ne ziyara da liyafa da caca. Ita kuwa "boredom", sunan halin kansa, sai a ƙarni na 19 ta bayyana. Mutane da yawa suna cewa Charles Dickens ne ya ƙirƙiro ta a littafinsa Bleak House, wanda ya riƙa fitowa kashi-kashi daga 1852 zuwa 1853. Ba haka ba ne, an same ta a buge tun 1829. Abin da Dickens ya yi shi ne ya sa mata fuska. Fuskar ita ce Lady Dedlock, matar wani attajiri mai sarauta, tana zaune a katafaren gidansu na karkara a Lincolnshire, ruwan sama ya ƙi ɗaukewa, tana leƙen taga tana cewa gundura za ta kai ta kabari. Ta tafi Landan, ta tafi Paris, ko'ina ta je abin na biye da ita.

Ba wai kafin nan ɗan Adam bai san abin ba. A ƙarni na 4, a hamadar Masar, wani malamin Kirista mai zaman kaɗaici, Evagrius, ya bayyana wata cuta da ke kama masu ibada da tsakar rana: mutum ya yi ta ɗaga kai yana duban rana yana ganin ta ƙi motsi, ya tsani ɗakinsa, ya tsani aikin hannunsa, ya riƙa leƙe ko wani zai zo. Su a wurinsu wannan jarrabawa ce ta ruhi, laifin na mai ji ne, shi zai yi yaƙi da ita. Sabon abin da Turawan ƙarni na 18 suka kawo shi ne juya yatsa waje. Da zarar ka ce abu "boring" ne, ka wanke kanka, ka ɗora wa abin laifi. Littafin ne bai iya ba, baƙon ne bai iya hira ba, garin ne ba shi da daɗi. Hukunci ne ake yankewa, amma a fito da shi kamar bayani.

To, a daidai lokacin da masu hannu da shuni ke koyon wannan sabon ƙorafi, a wannan ƙasar dai, wani abu na faruwa da talakawa wanda ba shi da suna tukuna. A 1776 Adam Smith ya wallafa The Wealth of Nations, ya buɗe shi da labarin wata ƙaramar masana'antar allurai masu kai, irin na maƙale tufafi. An rarraba aikin allura ɗaya zuwa matakai kusan 18: wannan ya ja waya, wannan ya miƙar, wannan ya yanka, wannan ya fiƙe baki. Mutum 10 suna fitar da allura sama da 48,000 a rana, alhali in kowa zai yi tasa shi kaɗai, da wuya ya yi 20. Wannan sashen kowane ɗalibin tattalin arziki ya san shi. Wanda ba a cika karantarwa ba yana can kusa da ƙarshen littafin, inda Smith ɗin dai ya yi gargaɗi cewa mutumin da ya ƙarar da rayuwarsa yana maimaita 'yan motsi ƙalilan ba zai sami dalilin amfani da basirarsa ba, a hankali za ta dushe, har ya kasa bin zance mai ma'ana ko yanke hukunci a kan al'amuran rayuwarsa. Shi ya sa ya ce dole hukuma ta sa hannu a ilimin 'ya'yan talakawa. Uban jari-hujja ne da kansa ya bayyana "mind-numbing" sama da shekara 100 kafin a haɗa kalmar.

Hukumomin Ingila kuwa sun san sarai cewa irin wannan aiki azaba ne, domin sun mayar da shi hukunci. A 1818 wani injiniya, William Cubitt, ya ƙera wa gidajen yari wata ƙatuwar ganga mai matakala a jikinta. Fursunoni su jera, su kama ƙarfe, su yi ta taka matakala tana juyawa a ƙarƙashinsu, awa bayan awa, ba sa hawa ko'ina. A wasu gidajen ana niƙa hatsi ko jan ruwa da ita, a wasu kuwa ba ta niƙa komai sai iska. Akwai kuma wani akwati mai hannu da ake ba fursuna a ɗakinsa ya juya sau dubbai a rana, na'ura tana ƙirgawa, ba abin da ke fitowa. Aikin baban giwa da doka ta tsara. Sai da dokar gidajen yari ta 1898 ta zo aka kama hanyar daina su. Abin lura shi ne ba nauyin aikin kaɗai ne hukuncin ba. Rashin amfaninsa da rashin canjinsa su ne ainihin bulalar.

Abin da aka daina yi wa fursuna bai daɗe ba aka fara biyan ɗan gari ya yi makamancinsa. A 1913 Henry Ford ya kafa layin haɗa mota mai tafiya da kansa a masana'antarsa ta Highland Park, kusa da Detroit a Amurka. Maimakon ma'aikaci ya je wurin mota, motar ce ke zuwa wurinsa, ta tsaya masa na ɗan lokaci, ko ma ba ta tsaya ba, ya yi abu ɗaya, ta wuce. Lokacin haɗa gangar jikin mota ya faɗo daga sama da awa 12 zuwa kusan awa ɗaya da rabi. Duniya ta yi ta tafi. Ma'aikata kuwa suka yi ta guduwa. A shekarar nan sai da kamfanin ya ɗauki mutum sama da 50,000 don kawai ya riƙe guraben aiki kusan 14,000. Labarin da aka fi sani, cewa a Janairun 1914 Ford ya ninka albashi zuwa dala 5 a rana daga dala 2.34, ana yawan ba da shi a matsayin karamci. Ni a ganina kuɗin toshiyar baki ne. An gano farashin da mutum zai karɓa ya yarda a daskarar masa da kai na awa 8. A bakin layin ba a yarda da hira ba, har ma'aikata suka koyi yin magana ba tare da motsa leɓe ba, abin da aka riƙa kira raɗar Ford. Wanda ya ga fim ɗin Charlie Chaplin na 1936, Modern Times, ya ga mutumin da ya bar bakin inji amma hannuwansa suka ƙi daina ɗaure ƙusa. Mutane sun yi dariya saboda sun gane shi.

Me ya sa wani maimaici ke kashe kai, wani kuma ba ya kashewa? Wannan ce tambayar da ta fi muhimmanci, kuma masu cewa maimaici ne kawai matsalar ba su duba da kyau ba. Mai ɗinkin hula yana soka allura sau dubbai a kan hula ɗaya. Amma shi ke da saurinsa, yana ajiyewa ya amsa sallama, yana sauraron rediyo, yana musu a kan ƙwallo, kuma a ƙarshe yana ganin hula ta fito, ya san tasa ce. Mai hadda yana maimaita shafi ɗaya har muryarsa ta dushe, amma kowane maimaici yana ƙara masa abin da zai tafi da shi. Mata a bakin turmi sun mayar da daka ta zama luguden da ake yi da waƙa. Babu ɗaya cikinsu da zai ce an kashe masa ƙwaƙwalwa, ko da zai ce ya gaji.

Na taɓa tsayawa a wata masana'antar ruwan leda ina jiran a yi mini lodi. Injin yana tofo leda ɗaya bayan ɗaya cikin wani babban baho. Wani saurayi na zaune a kan 'yar kujera, ƙafafunsa a cikin danshi, yana tsinta yana jefawa a jaka, leɓɓansa suna motsi. In ta kai 20 ya ɗaure, ya tura gefe da ƙafa, ya warware wata. Na ce masa, "Sannu da aiki, ƙanena." Bai ko ɗago ba. Sai da ya ɗaure jakar ya ce, "Yawwa, Malam, yi haƙuri. In na amsa lissafin ɓace mini yake yi, in kuwa jaka ta fita da 19 a kuɗina za a cire." Kafin in ce wani abu ya koma ƙirga. Da injin ya tsaya don canjin leda, ya miƙe yana murza wuya, ya ce mini ko ya kwanta da dare ƙirgar ba ta sakinsa.

Amsar tana wurinsa. Aikin bai isa ya cika masa tunani ba, amma ya isa ya hana tunanin tafiya ko'ina. Manomi na iya yin noma zuciyarsa tana can wani gari. Shi wannan saurayin an ɗaure hankalinsa a kan lamba ɗaya zuwa 20, injin ne ke yanka masa sauri, kuma ba ranar da zai ce ga shi na gama. Wani masanin halayyar ɗan Adam a Kanada, John Eastwood, da abokan aikinsa sun bayyana gundura a 2012 da cewa hali ne na son shiga wani abu mai gamsarwa amma a kasa. Attajirin Landan mai gidan gona ya kasa ne don bai sami abin da ransa ke so ba. Mai ƙirgar leda ya kasa ne don an hana shi.

Kuma wannan ba koke-koken raggwaye ba ne, an auna shi. A lokacin yaƙin duniya na biyu rundunar sojin saman Birtaniya ta lura masu duba na'urar hangen jiragen ƙarƙashin teku na Jamus suna barin alamu suna wuce su idan zama ya yi nisa. Aka sa wani masani, Norman Mackworth, ya binciko dalili. Ya ƙera agogo marar lambobi, mai hannu ɗaya da ke tsalle sau ɗaya a kowace daƙiƙa, jefi-jefi kuma ya yi tsalle ninki biyu. Aikin mutum shi ne ya zauna awa 2 ya danna maɓalli duk lokacin da ya ga babban tsallen. Sakamakon da ya wallafa a 1948 ya nuna cewa bayan rabin awar farko kawai, kuskure ke ƙaruwa sosai, kuma abin ba ya komawa daidai. Sojoji ne masu horo, sun san ana gwada su, amma kai ya ƙi. Mackworth ya ga abubuwan da ke taimakawa: hutu a kai a kai, da gaya wa mutum yadda yake yi, da kuma ƙwayar hana barci. Wanda ya san tashoshin manyan motoci da wuraren lodi ya san wanne daga cikin ukun nan ma'aikaci ke saya wa kansa idan an hana shi sauran biyun. Birtaniya dai a lokacin ta zaɓi wata hanya mai sauƙi ga masana'antunta na yaƙi: a 1940 BBC ta fara shirin kiɗa na musamman da ake sakawa ta lasifika a bakin inji, kuma shirin ya ci gaba har 1967.

Yanzu mu koma ga ɗaya gundurar, ta wanda ba a ɗaure shi ba. A 2014 mujallar Science ta buga wani gwaji da Timothy Wilson na Jami'ar Virginia ya jagoranta. An sa mutane su zauna su kaɗai a ɗaki, ba waya, ba littafi, na minti 6 zuwa 15, su yi tunanin duk abin da suke so. Da yawa suka ce ba su ji daɗi ba. A wani zagayen aka bar musu maɓallin da in sun danna lantarki zai ɗan ja su, bayan sun ɗanɗana sun ce za su iya biyan kuɗi don kada a sake yi musu. Maza 12 cikin 18 suka danna da kansu, mata 6 cikin 24. Wani bawan Allah sau 190 ya danna, har aka cire shi daga lissafi. Kwata ɗaya na awa, ba aiki, ba mai tsawa, amma mutum ya gwammace ya ji zafi da ya zauna da kansa.

A nan ina tare da Bertrand Russell, wanda ya ware babi guda a littafinsa The Conquest of Happiness na 1930 yana cewa iya jure zaman da ba abin ɗaukar hankali a cikinsa abu ne da ya kamata a koya wa yaro tun yana ƙarami, domin babu wani babban aiki da ba shi da dogayen wurare marasa armashi. Gaskiya ya faɗa. Nahawu yana da su, lissafi yana da su, koyon kanikanci yana da su, zaman aure ma haka. Yaron da ya saba cewa "boring" ya tashi daga kan duk abin da bai burge shi cikin minti biyu ba, ya rufe wa kansa ƙofofi da yawa, kuma yana ganin laifin ƙofofin ne. Wayar hannu ta zo ta same shi a haka. Shafin da ba ya ƙarewa, wanda kana ja yana ƙara zubowa, a 2006 wani mai tsara manhaja, Aza Raskin, ya fito da shi, kuma daga baya ya fito fili ya ce ya yi nadama. Wanda ya shafe awa uku yana jan allo da babban yatsa, in ya ɗago ya tambayi kansa me ya gani, zai ga ya yi wa kansa a kyauta abin da Ford ya biya dala 5 kafin a yarda a yi.

Amma ina tare da Russell a nan kaɗai. Nasiharsa ta mai 'yanci ce. Matsalar ita ce da yake sunan ɗaya ne, sai a ɗauki nasihar da ta dace da ɗan gata a miƙa wa lebura. Ya ce aikin nan yana kashe masa kai, a ce masa yaran zamani ba su da juriya, a karanto masa haƙuri maganin zaman duniya. Haƙuri gaskiya ne, amma ba shi ne zai rage gudun inji ba, kuma mai injin ba shi ne ya dace ya yi wa'azinsa ba.

Akwai wani nau'i na uku da ke ɓata mini wannan rabo na gida biyu, kuma ba zan ɓoye shi ba. Shi ne mutumin da ke da ofis da albashi amma ba a ba shi abin yi. A 2007 wasu 'yan Suwizalan biyu, Philippe Rothlin da Peter Werder, suka raɗa wa abin suna "boreout", kishiyar ƙonewa da yawan aiki. Japanawa tuni suna da sunan da suke kiran irin waɗannan ma'aikata, wato 'yan bakin taga. A 2020 kotun ɗaukaka ƙara ta Paris ta ba wani tsohon ma'aikacin kamfanin turare diyyar dubban Yuro, bayan ta yarda cewa shekarun da aka bar shi ba aikin kirki cin zarafi ne da ya taɓa lafiyarsa. Da labarin ya fito mutane sun yi ta tsokana, wa zai ƙi a biya shi yana zaune? Wanda ya taɓa ganin jami'in da aka yi fushi da shi aka tura shi ofishin da ba fayil ko ɗaya, yana zuwa ƙarfe 8 yana karanta jarida har tallace-tallacenta, ba zai yi dariya sosai ba. A ido kamar Lady Dedlock yake. A gaskiya ɗan'uwan mai ƙirgar leda ne, domin ba shi da ikon tashi. A Landan ma an bi ma'aikatan gwamnati sama da 7,000 da aka yi wa tambayoyi a ƙarshen shekarun 1980, aka ga waɗanda suka ce gundura na damunsu sosai sun fi saurin mutuwa. Masu binciken, Annie Britton da Martin Shipley, da suka buga shi a 2010, sun ja kunne cewa mai yiwuwa gundurar alama ce ta wasu abubuwan, irin su ƙaramin matsayi da rashin lafiya da shan taba, ba ita ce makashiyar kai tsaye ba. Ko a haka ɗin, ta nuna inda ya kamata a duba.

Ma'aikata dai ba su jira masana ba. A watan Maris na 1972 ma'aikatan General Motors a Lordstown, jihar Ohio, suka tafi yajin aiki na kusan mako uku. Matasa ne mafi yawansu, albashinsu kuma ba laifi. Layinsu yana fitar da mota kusan 100 a awa, wato kowa yana da daƙiƙa 36 ya gama nasa kafin wata ta iso, sannan aka rage mutane aka ƙara wa sauran aiki cikin daƙiƙoƙin nan. Kafin yajin, motoci sun riƙa fitowa da kujeru a yage da wayoyi a tsinke. Abin ya girgiza Amurka domin an saba jin ma'aikaci yana neman ƙarin kuɗi, ba a saba jin yana neman a bar masa kansa ba.

A Siwidin kamfanin Volvo ya ɗauki maganar da gaske. A 1974 ya buɗe masana'anta a Kalmar inda ƙananan ƙungiyoyi ke haɗa babban sashe na mota, suna raba aikin a tsakaninsu yadda suka ga dama. A 1989 ya ƙara gaba a Uddevalla: aka kawar da layi gaba ɗaya, mutane ƙalilan su tsaya a kan mota ɗaya har su gama ta. Da kasuwa ta faɗi a farkon shekarun 1990, waɗannan biyun aka fara rufewa, Uddevalla a 1993, Kalmar a 1994, babbar masana'antar da ke kan tsohon tsarin layi kuwa aka bar ta. Har yau masana harkar ƙere-ƙere suna musu a kan ko tsadar aikinsu ce ta jawo, ko kuwa ƙanƙantarsu ce ta sa suka fi sauƙin yankewa.